A ZAUNA A YI LISSAFI: TAFIYAR DA GIDA A LOKACIN ƘARANCI

Karatu: Luka 14:28-30, 2 Sarakuna 4:1-7, Yahaya 6:5-13, 1 Timoti 5:8



A cikin wani watan Janairu, wata 'yar'uwa ta shigo ofishinmu da safe, ta gaisa, ta zauna, ta daɗe ba ta ce kome ba. Da ta buɗe baki sai hawaye suka riga maganar fita. An koro 'yarta daga makaranta saboda ba a biya kuɗin zango ba, ga yarinyar tana ajin ƙarshe na sakandare, ga lokacin rajistar jarrabawa yana gab da ƙarewa. Na san gidan. Maigidan ma'aikaci ne mai ƙwazo, ba ya sha, ba ya caca, ita kuma tana da ɗan teburin kayan miya a bakin kasuwa. Na tambaye ta ina kuɗin da na san suna tarawa ya tafi. Ta ce surukinta ya rasu a watan Nuwamba. An ajiye gawa a asibiti mako uku ana jiran dangi su hallara, an sayi saniya, an fitar da anko, an yi hayar rumfuna da kujeru, an buga kalanda mai hoton mamaci. Kafin su farfaɗo sai ga Kirsimati. Daga nan ta ɗaga kai ta ce mini, “Baba, da ba mu yi haka ba, me mutane za su ce?”

Wannan tambaya ta bi ni har gida, ita ce kuma ta sa na rubuta wannan saƙo. Gama na lura cewa a gidajenmu da yawa, abin da mutane za su ce shi ne yake raba kuɗin wata, tun kafin a tuna da abin da Allah ya ce.

HALIN DA MUKE CIKI

Ba zan yi muku maganar tattali kamar wanda bai san kasuwa ba. A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. Darajar naira ta faɗi, kuɗin mota ya tashi, abinci da magani suka bi bayansa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a watan Disamba 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa naira 70,000 a watan Yuli 2024, amma a ƙarshen wannan shekarar buhun shinkafa ɗaya ya fi wannan albashi tsada a kasuwanni da yawa. Ko da yake farashin wasu kayan abinci ya ɗan sauka daga baya, gidaje da dama ba su gama biyan bashin da suka ci a lokacin ba.

Mu da muka ga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, wanda ake kira SAP, a zamanin Janar Ibrahim Babangida, mun san cewa wannan ba shi ne karo na farko ba. Allah ya fid da iyayenmu a lokacin, zai kuma fid da mu. Amma iyayenmu sun san abu guda da muke neman mantawa: in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Farashin mai ba ya hannunmu. Yadda za mu raba ɗan abin da ya shigo gida kuwa, wannan yana hannunmu, a kansa ne kuma za mu ba da lissafi a gaban Allah.

A ZAUNA TUKUNA

A cikin Luka sura 14, Ubangiji Yesu ya ba da misalin mutumin da yake so ya gina hasumiya. Ya nuna cewa mai hankali yakan fara zama ya ƙirga abin da ginin zai ci, domin kada ya sa harsashi ya kasa gamawa, ya zama abin ba'a ga masu wucewa. Gaskiya ne, a wurin nan Ubangiji yana magana a kan tsadar binsa ne. Amma ku lura da inda ya ɗauko misalin. Ya ɗauke shi daga abin da yake sa ran kowane maigida mai hankali ya riga ya sani, wato a zauna a yi lissafi kafin a fara kashewa.

Lissafi ba rashin bangaskiya ba ne. Na sha jin wasu suna cewa, “Ai Allah zai tanada,” alhali abin da Allah ya riga ya tanada ba su san inda ya shiga ba. A gidaje da yawa uwargida ba ta san albashin mijinta ba, maigida kuma bai san ribar sana'ar matarsa ba, kowa yana ɓoye nasa kamar abokan gāba ne suke zaune a ɗaki ɗaya. Ya ku ma'aurata, waɗanda Allah ya mai da su jiki ɗaya bai kamata aljihunsu ya zama biyu masu zargin juna ba. Ku nemi ɗan littafin rubutu. A daren da kuɗi ya shigo, bayan yara sun kwanta, ku yi addu'a, ku rubuta abin da ya shigo a hannun dama, abin da ake jiran a biya a hannun hagu.

Bari mu ɗauki misali. A ce maigida malamin makaranta ne, uwargida tana ɗinki, abin da suke samu gaba ɗaya a wata naira 120,000 ne. Suna iya keɓe 12,000 domin zakka, 55,000 domin abinci, 15,000 su ajiye domin kuɗin makaranta, 12,000 domin haya, 10,000 kuɗin mota, 6,000 domin wuta da ruwa da gawayi, 6,000 ajiyar rashin lafiya, 4,000 kuma taimakon iyaye a ƙauye. Kuɗin ya ƙare ke nan, ko sisi bai rage ba. Na san adadin kowane gida dabam ne. Amma ku dubi abin da takardar take koyarwa. In aka kawo anko na naira 15,000 a wannan wata, ma'auratan nan za su gani da idonsu cewa kuɗin makarantar yaro ne za su ɗaura a ƙugu. Wanda bai rubuta ba, ba zai gani ba sai ranar da aka koro yaron.

ABIN DA YA KAMATA YA ZO DA FARI

Sa'ad da kuɗi bai isa kome da kome ba, hikima ita ce sanin jerin abubuwa. Ga jerin da nake gani Littafi Mai Tsarki ya goyi bayansa.

Na fari, rabon Allah. Muna fara keɓe shi domin mu tuna wa kanmu cewa mu masu riƙon amana ne, dukiyar tasa ce. Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa ana karɓar baiko bisa ga abin da mutum yake da shi, kuma Allah yana ƙaunar wanda ya bayar da farin ciki, ba da tilas ba. Don haka kada mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunyar ƙaramin baikonsa. Gwauruwar da ta saka 'yan kuɗi guda biyu a Haikali ita ce Yesu ya yaba wa.

Na biyu, abinci da lafiyar mutanen gida. A 1 Timoti 5:8 Bulus ya yi magana mai nauyi ƙwarai a kan wanda bai kula da iyalinsa ba, har ya sa shi a bayan marar ba da gaskiya. Maigidan da yake ba da babbar gudummawa a wurin taro domin a kira sunansa a lasifika, alhali bai bar kuɗin cefane a gida ba, ya sake karanta wannan aya. Yaro mai zazzaɓi kuma ba a jinkirta kai shi asibiti domin ana tattali. Gidan sauro da magani a kan kari sun fi kwanciya a gadon asibiti araha.

Na uku, makaranta da haya. Waɗannan biyu ba sa zuwa ba zato. Kowa ya san zangon karatu yana farawa a Satumba, da Janairu, da kuma wajen Afrilu. Kowa ya san watan da hayarsa take cika. Ba a fafe gora ranar tafiya. A raba kuɗin shekara gida goma sha biyu, a riƙa cire kashi ɗaya kowane wata. In makarantar kuɗi ta fi ƙarfinku, ba abin kunya ba ne ku mai da yaro inda za ku iya biya, ku kuma zauna da shi da yamma ku duba littattafansa. Yaron da yake zuwa makaranta mai sauƙin kuɗi kullum ya fi wanda ake korowa daga mai tsada kowane zango.

Na huɗu, biyan bashi. Ku tuna da gwauruwar nan ta 2 Sarakuna sura 4. Mijinta mai tsoron Allah ne, ɗaya daga cikin ƙungiyar annabawa, amma ya mutu ya bar bashi, mai bin bashin kuwa yana zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Elisha ya tambaye ta abin da take da shi a gida, ta ce ɗan mai ne kawai a tulu. Allah ya riɓanya man har ya cika duk tulunan da ta aro. Ku lura da umarnin da annabin ya ba ta daga baya: ta sayar da man, ta fara biyan bashin, sa'an nan ita da 'ya'yanta su ci abin da ya rage. Ko kuɗin mu'ujiza ma da jeri aka kashe shi.

Na biyar, ajiya kome ƙanƙantarta. Bayan waɗannan ne sabon tufafi, da sabuwar waya, da bukukuwa suke samun wuri, in akwai saura.

INDA KUƊI YAKE ZURAREWA

Rami mafi girma shi ne idon mutane. Jana'izar Kirista a dā takan ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu, da waƙoƙi da Maganar Allah, maƙwabta su kawo abinci gidan makoki. Yau gidan makoki ne yake ciyar da gari. Muna cewa girmama mamaci muke yi, amma tsohon da ba a saya masa magani ba yana da rai, saniyar da aka yanka bayan ransa ba ta amfane shi da kome ba. Haka auren 'ya'yanmu ya koma. Saurayi da budurwa sukan shiga sabon gida da bashin da zai ci shekara biyu, saboda biki na yini ɗaya. Hausawa sun ce kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Ni ma ban kuɓuta ba. A farkon aurenmu na taɓa cin bashi domin in yi wa iyalina ɗinkin Kirsimati irin na maƙwabcinmu. Mun yi kyau ranar 25 ga Disamba. Har Ista ina kauce wa hanyar gidan mai bashin, ina zagayawa ta bayan kasuwa in je aiki. A lokacin ne na gane abin da Karin Magana 22:7 yake nufi da ya kwatanta mai cin bashi da bawan wanda ya ba shi.

Rami na biyu shi ne bashi mai ruwa. Wanda ya karɓi naira 50,000 a kan ruwan kashi goma cikin ɗari kowane wata, in ya kai wata shida zai biya naira 30,000 na ruwa kaɗai, uwar kuɗin tana nan tana jiransa. Yanzu kuma akwai masu ba da bashi ta wayar hannu cikin minti kaɗan, waɗansunsu kuwa in ka makara sai su aika wa duk mutanen da ke cikin wayarka saƙon ɓata suna. Mutuncin da ka ci bashi domin ka tsare shi, shi ne za a fara zubarwa.

Rami na uku shi ne neman kuɗin dare ɗaya. Da yawa cikinmu ba su manta da MMM ba, wanda ya rufe asusun mutane a watan Disamba 2016, kuɗin makaranta da jarin mata da yawa suka tafi. Ire-irensa suna ta fitowa da sababbin sunaye, wani lokaci ma ɗan'uwa a ikilisiya ne zai kawo maka. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda ba tare da ka ga sana'ar da ake yi ba, ka riƙe aljihunka. Cacar ƙwallo da samarinmu suka ruɗu da ita ita ma 'yar gidan ce.

Rami na huɗu ƙanana ne, shi ya sa ba a ganinsu: katin waya, da kuɗin intanet, da lemon kwalba, da hawan babur inda ƙafa za ta iya kaiwa. Naira 500 a kowace rana naira 15,000 ce a wata. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma randa takan ƙare.

A TATTARA GUTSATTSARIN

Bayan Yesu ya ciyar da mutum dubu biyar da gurasa biyar da kifi biyu, ya umarci almajiransa su tattara abin da ya rage domin kada kome ya lalace, suka cika kwanduna goma sha biyu. Wanda yake da ikon riɓanya gurasa bai yarda a zubar da gutsattsari ba. In haka Ubangijinmu ya yi, mu da muke saye da guminmu fa?

Mahaifiyata ba ta yi makarantar boko ba, amma a shekarun SAP ita ce ta koya mini tattali. Duk lokacin da ta auno dawa ko masara domin tuwon dare, sai ta ɗebi cikin hannu ɗaya ta zuba a wata tukunya a bayan ƙofa. Ba wanda ya taɓa jin tuwon ya ragu. Amma da tsakiyar damina, sa'ad da rumbuna suka yi ƙasa, daga tukunyar nan muke ci, daga cikinta kuma take kai wa wata gwauruwa maƙwabciyarmu. Abin da Yusufu ya yi a Masar ke nan, da ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin shekaru bakwai na ƙoshi domin shekaru bakwai na yunwa.

Hanyoyin suna da yawa ga mai nema. Hatsi yakan yi araha da kaka, ya yi tsada da damina, don haka gidaje uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi buhu su raba. Manomi kada ya sayar da dukan amfaninsa a Disamba domin biki, ya koma yana sayen mudu da tsada a Yuli. Tumatir da barkono da kuɓewa ana shanya su a lokacin da suka cika kasuwa. Ɗan fili a bayan ɗaki, ko tsofaffin buhuna cike da ƙasa, sun isa a shuka alayyafo da yakuwa. Kaji biyar ko akuya ɗaya sun sha biyan kuɗin jarrabawa. Adashi kuma yana da amfani in da amintattun mutane ake yi, in kuma an san tun farko abin da za a yi da kwasar. Ku sa yara cikin wannan duka. Yaron da aka nuna masa littafin lissafin gida yakan rage fushi in aka ce masa babu.

TATTALI DABAM, ROWA DABAM

Kada wani ya ɗauki wannan saƙo ya mai da shi hujjar ƙulle hannu. Mai rowa yana tarawa domin ya dogara ga abin da ya tara, kamar wawan mai arzikin nan na Luka sura 12 da ya ce zai rushe rumbunansa ya gina manya, a daren kuwa aka karɓi ransa. Mai tattali yana tsare kaɗan domin ya sauke nauyin da Allah ya ɗora masa, ya kuma sami abin taimakon wani. Yesu ya tsauta wa waɗanda suke fakewa da keɓe dukiya ga Allah domin su ƙi taimakon iyayensu, kamar yadda Markus sura 7 ta nuna. Tsohuwarka a ƙauye tana cikin lissafi. Baƙon da ya zo da yunwa yana cikin lissafi. Bulus ya gaya wa Filibiyawa cewa koyo ya yi har ya iya zama da wadar zuci, ko cikin yalwa ko cikin rashi. In manzo sai da ya koya, mu ma za mu iya koya.

KALMA GA SHUGABANNIN IKILISIYA

Ya ku fastoci, da dattawa, da shugabannin Zumuntar Mata, da ta Maza, da ta Matasa, ina roƙonku da girmamawa mu dubi kanmu. A wasu majami'u mutum ɗaya yakan fuskanci kuɗin gini, da kuɗin taron gunduma, da sabon ankon zumunta, da katin gudummawa, da baikon godiya, duk a cikin wata guda. Na san mata da suka daina zuwa zumunta domin ba su da zanen bana. Wannan ya kamata ya dame mu. Zanen bara bai tsufa a gaban Allah ba. Mu tsara karɓe-karɓenmu tun farkon shekara domin iyalai su san abin da ke gabansu. Mu daina karanta sunaye da adadi ta hanyar da za ta kunyata marar ƙarfi. Majalisar dattawa tana iya kafa ƙa'ida mai sauƙi a kan jana'iza da aure, domin in ikilisiya ce ta ce a taƙaita, an ɗauke wa talaka kunyar taƙaitawa. Ikilisiyar farko ta zaɓi mutum bakwai musamman domin kada a manta da gwauraye a rabon abinci. Asusun taimakon gwauraye da marayu ya cancanci wuri a kasafinmu kafin sabon fenti.

KAMMALAWA

Yarinyar da na ba ku labarinta ta rubuta jarrabawarta. Wasu 'yan'uwa ne suka haɗa hannu a ɓoye, iyayenta kuma suka sayar da akuyarsu. Bayan wata biyu uwar ta dawo ta nuna mini wani ɗan littafi mai bango shuɗi, inda ita da maigidanta suka fara rubuta shiga da fita. Ta ce an kawo mata ankon wani biki, ta duba littafin, ta ce wa mai kawowa ta yi haƙuri, za ta zo da zanen da take da shi. Ta je bikin, ta yi rawa, ta ci abinci, ba wanda ya kore ta.

'Yan'uwa, kafin wannan wata ya ƙare, ku zauna ku biyu, ku buɗe Luka sura 14, ku buɗe littafin rubutu a gefensa. Ku tambayi juna abin da Allah ya ba ku, da wanda ya ɗora muku nauyinsa, da abin da kuke saye domin idon mutane kawai.

Mu yi addu'a. Ya Ubanmu na sama, kai ne mai ciyar da tsuntsaye, kai ne kuma ka san bukatar kowane gida. Ka gafarta mana inda muka ɓarnatar da abin da ka ba mu amana. Ka ba mu hikimar sanin abin da ya kamata ya zo da fari, da ƙarfin zuciyar cewa a'a ga abin da ya fi ƙarfinmu. Ka tuna da marasa aiki, da gwauraye, da marayu, da waɗanda bashi ya hana su barci. Ka sa albarka a kan ɗan abin da ke cikin tulunmu, ya ishe mu har mu ba wani. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu muka roƙa. Amin.

Naku cikin hidimar Ubangiji,
Edita